Littafin Ɓarin Kai

Ɓarin hagu ne masaukinsa.
Ba ya sallama.
Da fari wani ƙyalli ne a wutsiyar ido,
kamar an fasa madubi a cikin randa,
sai kafar allura ta zama biyu,
sai in san baƙona ya shigo Ƙofar Guga.
Kafin in rufe keken ɗinki ya riga ni ɗaki.

Daga nan sai lugude.
Turmi ɗaya ne, mai dakan ba ta gajiya.
Ƙamshin miyar maƙwabta ya koma abokin gaba,
haka janareton Sada mai walda,
har tsinken hasken da ke ɗigowa ta hudar kwano
ya san hanyar idona.
In toshe taga da tsohon zane,
in tamke goshi da kallabi har kunne ya yi zafi,
in kwanta ina biyan duhu bashin da ban ci ba.

Kwana biyu. Wani zubin uku.
Atamfofin mutane na jibge a kan tabarma,
mai su tana tsakar gida tana cewa,
"Ciwon kai ne fa kawai."
Goggo ta ce iska ce, aka yi hayaƙi.
Wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya.
Ciwon da ba ya kumburi, ba ya jini,
wa zai tsaya masa shaida?

Likita ya ce in riƙa rubutawa:
yaushe ya zo, me na ci, barcin awa nawa.
Na sayi littafi mai ganye arba'in.
Talata, da hantsi, amai sau biyu.
Asabar, bayan la'asar.
Ran nan alƙalami ya zarce ni:
Yau Lawisa ta yi wasan 'yar tsana da raɗa
don kada ta tashe shi.
Shekararta biyar.

A bencin babban asibiti na mance littafin.
Sai bayan mako uku mai ba da kati ya miƙo mini,
bangon ya yi laushi da hannun mutane.
Ƙarƙashin layina, wani rubutu mai karkata:
"Nawa na dama ne. Direba nake, hanyar Jibiya.
Nakan tsaya gindin bedi in kifa hula a fuska,
fasinja suna zagi. Iro."
Ƙasa da shi ajami, hannu yana rawa:
"Shekara talatin muna tare da shi.
Ba hauka ba ne, ɗiyata.
Jiƙa tsumma da ruwan tulu."
Sai wata Barira da jan biro,
ta ce a ɗakin jarrabawa ya same ta,
ta ga tambayoyin suna iyo,
ta miƙa takarda fara tas, ba ta faɗa wa kowa dalili ba
sai mu.

Mu.
Na daɗe ina kallon kalmar nan.

Na mayar masa da littafin, na ce ya ajiye.
Yanzu na uku ne a aljihun teburinsa.
Ba mu san fuskokin juna ba.
In na zauna a benci nakan saci kallon
duk wanda ya kare ido da tafin hannu daga fitila,
in ce ko Iro ne.
Mai ajamin ta yi wata huɗu ba ta rubuta ba,
mun bar mata shafi.

Ban warke ba.
Daren jiya ma ya zo, ya sauke kayansa a hagu,
mai dakan ta ɗauki taɓarya.
Na kwanta da jiƙaƙƙen tsumma a goshi,
tsakanin bugu da bugu
ina jera abin da zan gaya wa Barira ran Litinin,
ina gyara jimla ɗaya, ina sake gyara ta,
har ladanin unguwarmu ya yi gyaran murya.